Yadda Ake Raba Waya Da Hoton Da Ya Ƙi Goguwa

A watan Mayun 2024, wasu masu iPhone sun wayi gari sun tarar da hotunan da suka goge tun shekarun baya sun dawo, sun zauna a sahun gaba kamar jiya aka ɗauke su. Abin ya biyo bayan iOS 17.5 da Apple ya saki ranar 13 ga watan. Nan da nan aka ɗora wa iCloud laifi, amma kamfanin ya ce matsalar a cikin wayar take. Rajistar hotuna ce ta samu tangarɗa: an soke sunan hoto daga rajista, shi kuwa yana kwance a ma'ajiya, sai sabuwar manhajar ta tono shi. Ranar 20 ga Mayu aka fito da gyara, wato 17.5.1.

Fara da duba manhajar da wayarka ke kai. Shiga Settings, ka taɓa General, sannan About. In ka ga 17.5 cif, koma baya ka taɓa Software Update. Ka sa wayar a caji, kuma ka nemi wayifai, don kada datarka ta tafi a banza.

Sai dai gyaran hana dawowa kawai yake yi, ba ya kwashe waɗanda suka riga suka dawo. Wannan aikinka ne. Buɗe Photos ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka goge. Kada ka tsaya nan, domin a nan ne yawancin mutane ke yin sake. Hoton da ka goge yana komawa wani kwando ne mai suna Recently Deleted, ya yi kwana 30 yana jira ko za ka sake shawara. Buɗe kwandon da fuskarka ko yatsanka, ka taɓa Select, sannan Delete All. Masu Google Photos su ma suna da irin wannan kwando, nasu ma har kwana 60 yake riƙe hoton da aka riga aka ɗora a intanet.

Kafin ka danna, ka lura: muddin iCloud Photos na kunne, abin da ka goge a waya ya tafi ke nan a iPad da kwamfutarka. Na ga wanda ya share hotunan ɗaurin aurensa don ya samu wuri a waya, yana zaton akwai ajiya a sama. Babu. In hoton na da daraja, kwafe shi a kwamfuta tukuna.

Daga nan sai ka leƙa sauran lungunan. Hoto guda kan kwana a wuri uku: Photos, Files, da hirar WhatsApp. Gogewa a ɗaya ba ta taɓa sauran. Tsohon bakof ma haka. Apple ya ce irin waɗancan ɓoyayyun fayiloli na iya bin mutum zuwa sabuwar waya idan ya kwaso kayan tsohuwar.

In kuwa sayarwa za ka yi, ko musaya a kasuwar waya ta Farm Centre, goge hotuna da hannu bai wadatar ba. Fita daga asusunka na iCloud, ka shiga General, Transfer or Reset iPhone, ka taɓa Erase All Content and Settings. Wannan yana lalata makullin sirrin da ke buɗe bayanan wayar gaba ɗaya. Ka tsaya da kanka har allon gaisuwa ya fito, ka cire layinka, sannan ka miƙa wa mai shago.