Zoben Ƙarfen Sama: Nasiha ga Angwaye

Tun daga watan Yulin 2025, lokacin da labari ya bazu cewa an sayar da wani dutse mai nauyin kusan kilo 25 a birnin Niyok a kan dala miliyan 5 da ɗoriya, dutsen da aka tsinta a yankin Agadas kuma masana suka tabbatar daga tauraron Mirrihu ya faɗo, babu wata mas'ala da samarin Babban Mutum da kewayen Baure suka dame ni da ita kamar ta zoben da ake kira na ƙarfen sama. Kasancewarmu a bakin iyaka ya sa duk mai tallar da ya tsallako ya ambaci Agadas sai a gaskata shi ba tare da hujja ba, alhali abin da ke cikin tsummansa, in ba kashin maƙera ba ne da aka goge, to baƙin ƙarfe ne na masana'anta da aka zana wa layuka da inji.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne mai cewa zobensa daga dutsen Zagami aka ƙera shi. Haƙiƙa dutse ya faɗo a Zagami ta lardin Katsina ranar 3 ga Oktoba 1962, nauyinsa kimanin kilo 18, kuma shi ma na Mirrihu ne. Amma dutse ne tsantsa, wanda in maƙeri ya ɗora shi a uwar maƙera ya sa masa guduma sai ya ruguje ya zama tsakuwa. Gatarin aradu kuwa, da wasu ke haɗawa da wannan magana, kayan aikin mutanen farko ne da suka sassaƙa da hannunsu, ruwan sama ke tono shi a gona. Da'awar cewa zoben yana ƙara kwarjini ko yana hana wuƙa ci ba ta cancanci a ɓata mata tawada ba.

Akwai na gaskiya, ban musa ba. Turawa na yanka ƙarfen sama na Gibiyon a ƙasar Namibiya da wani na ƙasar Suwidin, su jiƙa shi da ruwan asid har zanensa na asali ya bayyana, sannan su liƙa siririn yanki a jikin zobe. Sai dai ƙarfe ne haɗe da nikel, wato mai tsatsa ne, kuma nikel ɗin kan jawo wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje. To, ina hikimar mutumin da zai yi alwala sau biyar kullum, ya yi noma da damina, ya ɗaura wa yatsarsa abin da ruwa da gumi ke ci? Ga kuma hukuncin fiƙihu: zinariya haramun ce ga namiji, littafin Risala ya ambaci hani ga zoben ƙarfe, malaman Malikiyya sun karhanta shi tare da na tagulla da dalma, sun halatta azurfa matuƙar ba ta wuce nauyin dirhami biyu ba, kimanin giram 6. Shi aure ma, da waliyyi da sadaki da shaidu da siga yake ƙulluwa. Zobe ƙawa ce da muka aro.

Amma gargaɗin da nake so a riƙe da hannu biyu ya shafi zobban tangistan da taitaniyam, waɗanda ake yabo da cewa ba sa ƙarcewa kuma ba sa lanƙwasa. Wannan taurin da ake tallarsu da shi, shi ne aibinsu. Yatsa takan kumbura, ko don harbin kunama, ko saran maciji, ko rauni a kan babur, ko ƙiba bayan an shekara ana cin tuwon amarya. Kuma idan ta kumbura zoben ya shaƙe ta, jini ya daina gudana, sa'o'i kaɗan sun isa a yi asararta. Azurfa, maƙerin fari zai datse ta nan take, ya sake haɗa ta gobe. Taitaniyam yakan wahalar da abin yanka ƙwarai, tangistan kuwa ba ya yankuwa da kayan da aka saba, sai a matse shi da filaya mai kulle har ya fashe, kuma ba kowane ƙaramin asibiti ne ya san wannan dabara ba. Ba a kuma faɗaɗa su ko a rage su. Ranar da suka matse, kuɗinka sun tafi.

Saboda haka duk wanda ya ji ciwo a hannu, ya fara da cire zobe kafin kumburi ya kama. In ya riga ya maƙale, a ɗaga hannun sama, a sa ruwan sanyi da sabulu, a naɗe yatsar da zare a zame shi a hankali. In ta fara canja launi ko ta mutu, a nufi asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba. Ango kuma ya je wurin maƙerin farin da aka sani da amana, a auna azurfar a gabansa, a gwada yatsarsa da rana tsaka lokacin da ta fi cika, ba da sanyin asubar hunturu ba.