Daga Ina Aikin 'Yan Kwana-kwana Ya Samo Asali?

Wani mai sauraronmu daga Bakura ya ce mu ba shi tarihin 'yan kwana-kwana a yankinsu, har da Talata Mafara da Maradun.

To malam, aikin dai a Legas ya soma a 1901, a ƙarƙashin 'yan sanda. Sai a 1963 aka yi dokar da ta ba shi cin gashin kansa, daga baya kowace jiha ta kafa nata. Garuruwanku na ƙarƙashin Sakkwato har ranar 1 ga Oktoba 1996, da aka ƙirƙiro Zamfara, ragamar ta koma Gusau.

Amma kafin zuwan motar 'yan kwana-kwana, jama'a ce ke kashe gobara. Da an yi kururuwa sai kowa ya fito da tulu ko bokiti, wasu da ƙasa, a yaye jinkar maƙwabta don kada wutar ta tsallaka. Har yau a ƙauyuka haka ake yi, musamman da hunturu. Abin takaici, ga madatsar Bakolori maƙil da ruwa a kusa, amma motar da ta taso daga nesa toka take tararwa.

Malam, ku matsa wa shugabannin ƙananan hukumominku su samar da mota da rijiyar burtsatse a kasuwanni.