Wace doka ce ta fi kare ɗan acaɓa?

Tambaya: Malam, ƙanena ya fara acaɓa a Zariya, hankalina ya ƙi kwanciya. Wace doka ce ta fi kare mai babur? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya tsare mana shi. Gaba da komai ita ce dokar hular kwano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa hula mai inganci, in an ɗaure ta, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, mummunan raunin kai kuma da kusan kashi 70.

Sai dai doka ba ta aiki a takarda. Da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta tilasta sa hula a Janairun 2009, wasu ƙwarya suka kifa a ka don kauce wa tara. A Kigali ta Ruwanda kuwa, mai babur na tafe da hula biyu, tasa da ta fasinja, domin jami'ai ba sa ɗaga ƙafa.

Bayan hula, sai taƙaita gudu a cikin gari, hana goyon mutum biyu ko uku, ba da lasisi bayan horo na gaske, da hukunta mai tuƙi cikin maye, musamman masu shan Tramadol.

Ki saya masa hula mai madauri, ki sa ya riƙa ɗaure igiyar a ƙarƙashin haɓa, domin wadda ba a ɗaure ba tana tashi kafin kai ya taɓa kwalta. Ya riƙa duba birki da fitila kowace safiya. Kada ki jira gwamnati, ki fara yau.