Taron Likitoci a Kan Ciwon Daji

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka maganin ciwon daji yake, ba aikin likita ɗaya ba ne. Likitan fiɗa, da mai karanta hoto, da mai duba tsoka a madubin likita, da mai yin gashi, sukan zauna tare su yanke shawara a kan kowane majinyaci.

A da, ɓatan takarda ɗaya kan jinkirta shawara, ciwo kuwa ba ya jira. Yanzu kwamfuta tana tattara hotuna da sakamakon gwaji wuri ɗaya. Ta intanet, likita yana Kano zai iya ba da shawara a Maiduguri, majinyaci bai yi tafiya ba.

A watan Satumba na 2024 ambaliyar madatsar Alau ta shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Ruwa na cin takarda, amma bayanin da aka adana a kwamfuta a wani gari ba ya jiƙa.

Saboda haka, jama'a, ku riƙe katin asibiti da kyau. Ku kai duk sakamakon gwaji. Ku koma ranar da likita ya sa.