Aikatau "Ci" a Wurin Aiki: Darasi Daga Dawaki

Gabatarwa

Lokacin hutu na yi aiki a wani kanti a unguwar Dawaki, cikin garin Gombe. Manajan yakan daka mini tsawa a gaban masu saye, ya zaftare mini albashi ba dalili. Ga shi da ma ina fama da ciwon fargaba: gabana na faɗuwa, barci ya ƙaurace mini. Na kasa kai kuka, domin ban san sunan abin da ake yi mini ba.

Nazari

Ashe Hausa ta tanadi sunayen daga aikatau "ci":

1. Cin fuska: wulaƙanta mutum a bainar jama'a.
2. Cin zali: danne haƙƙin na ƙasa don an fi ƙarfinsa.
3. Cin mutunci: zubar wa mutum daraja da zagi ko ƙazafi.

Da na rarrabe su, sai na riƙa rubuta kowanne da ranarsa. Yayana ya raka ni muka kai wa mai kantin takardar, ya ja wa manajan kunne. Fargabar kuwa na kai ta gaban likita.

Kammalawa

A 2022 Nijeriya ta amince da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana cin zarafi a wurin aiki. 'Yan'uwa ɗalibai, haƙuri daban, shiru daban.