Basirar Ƙirƙira a Wurin Yara: Mene Ne Tasirin Tsarin Makaranta?

Gabatarwa

Yaron da ya fere karan dawa ya harhaɗa mota, ko ya murɗa waya ya yi keke, ya nuna abin da masana halayyar ɗan Adam suke kira basirar ƙirƙira, wato iya samar da sabon abu mai amfani. Tambayar da wannan darasi zai duba ita ce: idan yaron nan ya shiga aji, makaranta tana raya wannan baiwa ne, ko tana dusashe ta?

Yadda Ake Auna Ta

A shekarar 1950 wani masani ɗan Amurka, J. P. Guilford, ya yi kira ga takwarorinsa da su mai da hankali kan nazarin ƙirƙira. Ya bambanta tunani iri biyu. Na farko shi ne mai neman amsa ɗaya tak, kamar a ce bakwai sau takwas nawa ne. Na biyu kuwa shi ne mai rassa, kamar a ce wa yaro ya lissafo duk abin da za a iya yi da bulo guda. A 1966 E. Paul Torrance ya fito da gwaje-gwajen da aka gina kan tunani na biyun. Akan duba yawan amsoshin yaro, da bambancinsu, da yadda suka fita daban da na sauran yara.

Makarantu Masu Tsari na Daban

A makarantar da muka saba da ita, malami yana gaban allo, yara sa'o'in juna suna jere, kowa yana darasi ɗaya a lokaci ɗaya. A Turai an sami waɗanda suka bi wata hanya. Maria Montessori, likita 'yar Italiya, ta buɗe makarantarta ta farko a wata unguwar talakawa a birnin Roma a 1907. A ajinta akan haɗa yara masu shekaru daban-daban, kowane ya zaɓi aikin da zai yi, kuma kayan aikin da kansu suke nuna wa yaro inda ya yi kuskure. A 1919 aka buɗe makarantar Waldorf a Stuttgart ta Jamus bisa ra'ayin Rudolf Steiner, inda aka ba zane da kiɗa da aikin hannu babban matsayi. A Faransa kuma Célestin Freinet ya shigo da injin ɗab'i cikin aji, yara suna rubuta abin da suke so, su buga da hannunsu.

Abin da Bincike Ya Nuna

A 2008 Maud Besançon da Todd Lubart sun kwatanta yaran firamare a Faransa, suka tarar waɗanda suke makarantun Montessori da Freinet sun fi na makarantun da aka saba maki a gwajin ƙirƙira. Sai dai akwai matsala a irin wannan kwatance: iyaye ne suke zaɓar makaranta, don haka mai yiwuwa bambancin daga gida ya taso.

Wani bincike da Angeline Lillard da Nicole Else-Quest suka wallafa a mujallar Science a 2006 ya kauce wa wannan matsala. A birnin Milwaukee na Amurka akwai makarantar Montessori da ake ɗaukar yara ta hanyar ƙuri'a, saboda masu nema sun fi gurabe yawa. Aka kwatanta waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa da waɗanda ba su samu ba. Labaran da 'yan shekara 12 na Montessori suka rubuta sun fi nuna ƙirƙira, jimlolinsu kuma sun fi tsari mai zurfi. Amma a lura, makaranta ɗaya ce aka duba, yaran kuma ba su da yawa, saboda haka ba a yanke hukunci da wannan kaɗai.

To, ina dalilin bambancin? Gwajin da Elizabeth Bonawitz da abokan aikinta suka wallafa a 2011 ya ba da haske. Sun ba ƙananan yara wani abin wasa mai ɓoyayyun ayyuka huɗu, ciki har da ƙara da fitila da madubi. Wasu yaran an koya musu kai tsaye yadda ake sa shi ya yi ƙara. Wasu kuwa babbar da ke tare da su ta yi kamar bisa tsautsayi ne ƙarar ta fito. Waɗanda aka koya wa sun yi saurin ajiye abin, kuma ba su gano sauran ayyukan ba kamar ɗaya rukunin. Yaro yakan ɗauka cewa abin da malami ya nuna shi ne iyakar abin da ke akwai. Koyarwa kai tsaye tana isar da ilimi da sauri, amma tana iya rage kwaɗayin bincike.

Darasi ga Malamai da Ɗalibai

Daga nan za mu fahimci cewa sirrin yana cikin damar da ake ba yaro ya gwada kafin a gaya masa. Wannan kuwa ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. Malamin kimiyya yana iya ba ɗalibai batir da waya da ƙwan tocila, ya bar su minti goma su nemi hanyar kunna shi, sannan ya yi bayanin da'irar lantarki. Malamin lissafi yana iya neman hanyoyi uku na warware tambaya ɗaya. Idan ya nuna hanya, sai ya ƙara da cewa akwai wasu, a nemo. Hadda da bita suna nan da muhimmancinsu, domin wanda bai san komai ba, ba shi da abin da zai sarrafa.

Aikin Gwaji

Ku ɗauki gwangwanin madara da ba komai a ciki. Cikin minti uku kowa ya rubuta duk amfanin da za a iya yi da shi. Sannan ku haɗa amsoshin ajin, ku ƙirga waɗanda mutum ɗaya kaɗai ya kawo. Ku maimaita da wani abu bayan wata guda, ku ga ko an sami ci gaba.