Nairar Jiya da Nairar Yau: Yadda Ake Gwada Darajar Kuɗi

Jama'a su sani, darajar kuɗi tana ga abin da za su iya saya a kasuwa. Tun ranar 1 ga Janairu 1973 da naira ta maye gurbin fam, ana ba da naira 2 a bakin fam guda, sunanta bai sake ba, amma mudun da take cikawa sai raguwa yake yi. A 1975, bayan ƙarin albashin Udoji, tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin 100. A 1995 ta wuce kashi 70.

Saboda haka Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa takan bi kasuwannin birni da ƙauye kowane wata, tana rubuta farashin abinci, da sutura, da kuɗin haya, da na mota. Daga nan take fitar da ma'aunin farashi. Akan zaɓi shekara guda a ba ta lamba 100, sauran shekaru a auna su da ita.

Ga yadda lissafin yake. A raba ma'aunin yau da ma'aunin shekarar da ake magana, abin da ya fito a ninka tsohon kuɗin da shi. Misali, in ma'auni ya tashi daga 100 zuwa 250, naira 1,000 ta wancan lokaci daidai take da naira 2,500 ta yanzu.

A duba albashi mafi ƙanƙanta. A 2019 an yanke shi naira 30,000, a 2024 aka mai da shi 70,000. A ido ya ninka har da ɗoriya. Amma a tsakanin nan farashin kaya ya ninka fiye da sau biyu da rabi, watau sai ma'aikaci ya karɓi sama da naira 75,000 kafin ya sayi abin da 30,000 ta saya masa a da. Wannan lissafi ya kamata ɗan fansho da mai ajiya a banki su ma su riƙa yi.

Abin lura: kada a tara kason shekaru wuri guda. Kashi 20 bana da kashi 20 baɗi sun zama kashi 44, domin tsadar baɗi a kan ta bana take hawa. Haka kuma a 2025 Hukumar ta sauya shekarar awo daga 2009 zuwa 2024, don haka a tabbata lambobi biyun da za a raba daga ma'auni ɗaya suka fito.